Tambaya da Amsa: Babbar Jif Mai Dizal da Gaskiyar Shan Manta

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan a kan manyan motocin alfarma masu amfani da man dizal suke, kuma daga Abuja da Jos suka fi fitowa. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani sauran masu irin wannan damuwa, na kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A bara na sayi babbar jif mai injin dizal V8, ta hannu ce amma lafiyarta ƙalau. Dillalin da ya haɗa cinikin ya tabbatar mini cewa ba za ta wuce lita 10 a kilomita 100 ba, har ya nuna mini takardar da aka rubuta lita 9.5. Ina zaune a Gwarinpa, ofishina yana Central Area, direba kuma yana kai yara makaranta ya ɗauko su. Tun da na saye ta allon motar bai taɓa nuna ƙasa da lita 16 ba, wani lokaci har 17. Shin motar ce take da matsala, ko direba ne yake ha'intata, ko kuwa yaudarata aka yi?
Daga wani Alhaji, Gwarinpa, Abuja.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Zan fara da wanke direba, domin zargin mutum da cin amana ba ƙaramin abu ba ne. Allon motar ba ya ƙirga komai sai man da ya bi ta nozul ya shiga injin, saboda haka man da aka zuƙe daga tanki da tiyo ba zai taɓa bayyana a cikin lissafinsa ba. Tunda allon ne da kansa yake nuna lita 16 zuwa 17, to injin ne ya ƙone wannan mai, kuma abin da ya rage mana shi ne mu gano inda ya ƙone shi.

Adadin lita 9.5 da aka nuna maka ba ƙarya ba ne, sai dai ba a kan titi aka same shi ba. Ana ɗora motar ne a kan wasu ganguna masu juyawa a cikin ɗakin gwaji, a tuƙa ta bisa wani tsari da aka shata tun farko. Gwajin da aka dogara da shi a Turai da Ostareliya a zamanin da aka ƙera irin motarka, wanda ake kira NEDC, bai wuce kilomita 11 ba, ana gama shi cikin minti 20, ana taka totur a hankali ƙwarai, ba hawa, ba kaya, ba fasinja, kuma na'urar sanyi a kashe take. Saboda yawan ƙorafin cewa sakamakonsa ya yi nesa da abin da masu motoci ke gani, Turai ta maye gurbinsa da WLTP daga watan Satumba na 2017, wanda ya kai kimanin kilomita 23 da minti 30, amma shi ma ba a kunna sanyi a cikinsa. Amfanin waɗannan alƙaluma shi ne a kwatanta wata mota da wata. Ba alkawari ba ne na abin da za ta sha tsakanin Gwarinpa da Central Area da ƙarfe bakwai da rabi na safe, kuma laifin dillalin shi ne ya sayar maka da su a matsayin alkawari.

Yanzu mu dubi yadda motarka take wuni. Nauyinta ya haura tan biyu da rabi tun kafin kowa ya shiga. Duk lokacin da ta tsaya a danja ko a cunkoso, sai injin ya sake tayar da wannan nauyi daga tsaye, kuma duk ƙarfin da aka kashe wajen tayar da shi yana salwanta ne a birki da zarar an sake tsayawa. Ƙari a kan haka, injin dizal yana jinkirin ɗaukar zafi fiye da na fetur, kuma kafin ya kai zafin aikinsa ya fi cin mai, saboda haka tafiyar kilomita 5 zuwa makaranta na iya ƙarewa injin bai gama ɗumi ba.

Sai kuma babban abin da masu irin waɗannan motoci ba su cika sa wa a lissafi ba, wato jira. Je ka ƙofar kowace babbar makaranta a Abuja da ƙarfe biyu na rana a watan Maris ko Afrilu, za ka tarar da jif-jif sun yi layi, gilasai a rufe, ruwan na'urar sanyi yana ɗiga a ƙarƙashinsu, direbobi sun kwantar da kujera suna jiran a tashi yara. Babban injin da ke aiki a tsaye da sanyi a kunne yana shan abin da ya kama daga lita ɗaya zuwa biyu a awa, ba tare da motar ta motsa taku ɗaya ba. Mu ɗauka motarka tana yin kilomita 50 a rana tana shan lita 12 a kowace 100, wato lita 6 ke nan. Idan aka ƙara awa biyu na jira a makaranta da ofis da ƙofar gidan biki, aka ce sun ci lita biyu da rabi, jimla ta zama lita 8.5 a kilomita 50, wanda shi ne daidai lita 17 a kilomita 100. Ka ga mun isa adadin da ke damunka ba tare da komai ya lalace a motar ba. Ban ce a bar direba ya gasu a rana ba, shi ma mutum ne kuma yana da haƙƙi a kanka, amma neman inuwa a sauke gilashi, ko a daidaita lokacin fita don a rage jira, zai sauƙaƙa maka fiye da duk wani gyara.

Domin ka samu natsuwa, ka auna da kanka. Ka cika tanki har famfo ya katse da kansa, ka mayar da mitar tafiya zuwa sifili, ka yi harkokinka kamar kullum, sannan ka koma gidan mai ɗaya, in da hali famfo ɗaya, ka sake cikawa har ya katse. Litocin da suka shiga su ne abin da ta sha. Ka raba su da kilomitocin da mita ta nuna, ka ninka da 100. Misali, idan lita 96 ce ta shiga bayan kilomita 620, motar tana shan lita 15.5 a kilomita 100, wato lita ɗaya tana kai ka kusan kilomita shida da rabi. Ka maimaita haka a tankuna da dama kana rubutawa a ɗan littafi. Ƙaramin bambanci tsakanin lissafinka da na allo ba komai ba ne, domin allon yakan ɗan rage. Idan kuwa allo ya ce 16 amma littafi ya ce 22, a nan ne za a fara tambaya, kuma ko a nan ɗin ma sai an duba yoyon tanki da mitar gidan man kafin a dubi direba.

Gwaji na biyu shi ne doguwar hanya. Ka cika ta, ka nufi Kaduna ko Lokoja, ka riƙe ta a kilomita 100 a awa, wanda shi ne iyakar da dokar hanya ta yanka wa motar gida a babban titi. Lafiyayyen injin irin naka ya kamata ya sauko zuwa lita 10 ko 11, in ya yi yawa 12. Idan ya sauko, motarka lafiya lau take. Idan ya maƙale a 15, sai a kai ta wurin ƙwararre ya duba iskar taya bisa adadin da aka manna a jikin ƙofar direba, ya duba filtar iska wadda ƙurar hunturu ke toshewa da wuri, ya duba ko birki yana kamawa, sannan ya sa na'ura ya gwada nozul. Kuma ka tambaya musamman ko an cire tamostat, wato ɗan makullin da ke tsare ruwan lagireto har injin ya ɗumama. Makanikai da yawa a ƙasar nan suna cire shi da sunan wai na ƙasashen sanyi ne, alhali cire shi yana barin injin ya daɗe cikin sanyi, kwamfutar motar kuma ta ci gaba da ƙara masa mai.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a Jos, kusan kowane mako sai na je Abuja na dawo. Ina so in sayi babbar jif, amma na rasa zaɓi tsakanin mai fetur da mai dizal. Abokaina sun ce dizal ya fi tsada a lita, saboda haka babu riba. Me za ka ba ni shawara?
Daga wani mai karatu, Titin Bauchi, Jos.

AMSA: Malam, irinka ne aka ƙera wa injin dizal. Abokanka sun duba farashin lita ne kawai, sun manta da yawan litocin. Lita ɗaya ta dizal ta fi lita ɗaya ta fetur ƙarfi da kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Injin dizal kuma yana matse iska fiye da na fetur nesa ba kusa ba, har zafin matsin ne yake kunna man ba tare da fulogi ba, kuma wannan matsi yana sa ya fi tatsar aiki daga kowane ɗigo. Idan aka haɗa biyun, mota mai dizal takan sha ƙasa da 'yar'uwarta mai fetur da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, wani lokaci fiye da haka a manyan motoci. Lexus LX 570 mai injin fetur na lita 5.7, wadda manyan mutanenmu suka fi so, hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna mata mil 12 zuwa 13 a galan a cikin gari, wato lita 18 zuwa 20 a kilomita 100. Land Cruiser 300 da aka fito da ita a 2021 da injin dizal V6 na lita 3.3 da giya goma kuwa, adadinta na takarda a Ostareliya lita 8.9 ne, Prado mai injin 2.8 kuma lita 7.9. Gwaje-gwajen ba iri ɗaya ba ne, kuma a kan titi duka za su haura, amma tazarar tana nan.

Amsar da ta dace da wannan tambaya ta canza cikin 'yan shekarun nan, kuma ina jin abokanka suna magana ne da tunanin da. An daɗe da sakar wa kasuwa farashin dizal, alhali a da fetur yana ƙarƙashin tallafi. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, litar dizal ta kai wajen Naira 800 yayin da farashin fetur na hukuma bai kai Naira 200 ba. A wancan lokaci duk wanda ya ce maka mota mai dizal asara ce ya faɗi gaskiya, domin babu injin da zai iya cike giɓin ninki huɗu. Amma tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, fetur ya hau zuwa Naira 537 a Abuja cikin 'yan kwanaki, ya kai 617 a watan Yuli, ya ci gaba da hawa. A ɗaya gefen kuma matatar Dangote da ke Lekki ta fara sayar da dizal a 2024. Tazarar da ke tsakanin farashin biyu ta tsuke sosai.

Farashi yana sauyawa, saboda haka zan ba ka ma'aunin da ba ya tsufa. Zuwa Abuja da dawowa kusan kilomita 600 ne idan aka haɗa da zirga-zirgar cikin gari, a shekara kana dosar kilomita 30,000. Mu ɗauka mai dizal za ta sha lita 11 a kilomita 100, mai fetur kuma lita 16. A shekara, mai dizal za ta sha lita 3,300, mai fetur kuma lita 4,800. Idan ka raba 16 da 11 za ka samu kusan 1.45, ma'ana muddin farashin dizal bai haura na fetur da kashi 45 cikin 100 ba, kai ne da riba a gidan mai. Idan a ce fetur yana Naira 900, dizal yana Naira 1,200, za ka kashe Naira 3,960,000 a dizal, ko Naira 4,320,000 a fetur, rarar Naira 360,000 ke nan. Idan kuwa farashin biyu ya zo kusan ɗaya, rarar za ta haura miliyan guda. Ka sa farashin da ka gani yau a gidan man unguwarku, ka sake lissafin.

Kada ka tsaya a nan. Sabis ɗin injin dizal ya fi tsada, yana ɗaukar baƙin mai da yawa, filtar mai tana bukatar canji a kai a kai, kuma nozul da babban famfonsa suna aiki ne da matsin da ya kai ninki 2,000 na matsin iskar da muke shaƙa, saboda haka ɗan ruwa ko ƙasa ko kananzir a cikin mai yana iya kashe su. Gyaransu sau ɗaya na iya haɗiye rarar shekara guda ko fiye. Ka zaɓi gidan mai ɗaya ko biyu masu yawan ciniki da ka amince da su a Jos da Abuja, ka guji man jarka na bakin hanya komai arharsa. A nan ma motar tana taimakonka, domin tankunan waɗannan motoci manya ne, wasu nau'o'in Land Cruiser 200 suna ɗaukar lita 138, wasu Prado lita 150, abin da zai kai ka Abuja ya dawo da kai ba ka tsaya a Akwanga ko Keffi neman mai ba.

Hanyar taka ma tana goyon bayan dizal. Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, Abuja kuma ba ta wuce mita 500 ba. Injin da ba shi da turbo yana rasa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a tsayin Jos saboda iskar ba ta da kauri, amma turbo yana tura wa injin dizal iska ya cike mafi yawan giɓin, kuma ƙarfin jansa yana fitowa ne tun injin bai yi gunji ba, wanda shi ake bukata a Hawan Kibo idan an biyo bayan tirela. Za ka lura tana shan mai fiye a dawowa gida, domin ɗaga nauyin tan biyu da rabi zuwa tsayin mita 700 kaɗai yana cin kusan lita ɗaya da rabi, saboda haka ka riƙa auna zuwa da dawowa a haɗe. A gangaren kuma ina roƙonka da girman Allah kada ka sa ta a firi da sunan tsimin mai. Idan tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutar tana yanke mai gaba ɗaya, injin kuma yana taya birki riƙe motar. A firi kuwa sai injin ya sha mai don kada ya mutu, birki shi kaɗai ya ɗauki duk nauyin har ya yi zafi, a wurin da aka sha rasa rayuka.

Abu na ƙarshe shi ne ƙafarka. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne ninki a kan ninki, a gudun 120 ta fi ta gudun 100 da kashi 44 cikin 100, a gudun 140 kuma ta kusa ninkawa biyu. Motar da gabanta yake a miƙe kamar bango ta fi kowace jin wannan, kuma duk lissafin lita 11 da muka yi a kan mai riƙe 100 zuwa 110 ne.

TAMBAYA: Maigidana ya kawo mini jif mai dizal ƙirar Turai daga Jamus. Daga gida zuwa shagona a Wuse II bai fi minti goma ba. Watanni kaɗan da zuwanta wata fitila ta kama a allo, shan mai ya ƙaru, yanzu kuma ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Wani makaniki a Apo ya ce a cire wata matata da ke cikin salansa a huta. In yarda?
Daga wata Hajiya, Maitama, Abuja.

AMSA: Hajiya, kada ki yi gaggawar yarda. Abin da yake nufi shi ne DPF, matatar da ke kama kunkunniyar hayaƙi kafin ta fita, wadda kusan duk motar dizal da aka sayar a Turai tun daga dokar Euro 5 ta 2009 take da ita. Matatar tana cika, kuma an tsara ta ne ta wanke kanta. Idan ta kusa cika, kwamfutar motar tana ƙara fesa mai don zafin salansa ya kai wajen digiri 600, kunkunniyar ta ƙone. Wannan aiki yana bukatar injin ya riga ya yi zafi, motar kuma ta yi tafiya ba tsayawa na minti 15 zuwa 20. Ke kuwa kina isa shago kina kashe ta kafin ta fara, ko a tsakiyar aikin, gobe ta sake farawa ki sake katse ta. Wannan maimaicin ne ya ƙara shan mai, kuma da matatar ta toshe sai kwamfutar ta rage ƙarfin injin da gangan don ta kare shi. Ki sa a zaro gejin baƙin mai a duba. Idan ya haura alamar cika yana kuma warin dizal, man da ake ta fesawa ne ya zurara ciki, kuma dole a canza shi nan take, domin baƙin man da ya tsinke ba ya kare injin.

Da a ce fitilar ce kawai ta kama, da tafiyar rabin awa a titin filin jirgi ko babban titin Kubwa da gudun 80 zuwa 100 ta wadatar. Tunda ƙarfi ya riga ya ragu, sai a nemi mai na'urar da za ta tilasta ƙonewar a gareji, ko a kwance matatar a wanke ta da injin da aka yi don haka, sannan a duba na'urorin auna matsi da ke jikinta. Ki tabbatar kuma baƙin man da ake zuba mata mai ƙarancin toka ne, irin wanda littafin motar ya ambata, galibi za ki ga an rubuta C2 ko C3 a jikin galan. Baƙin mai na gama-gari yana barin tokar da wuta ba ta ƙonewa, ta toshe matatar har abada.

Akwai ɓangaren da ba laifinki ba ne. An ƙera motar ne don dizal ɗin Turai, wanda sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Shekaru da dama ƙa'idar Najeriya ta yarda da har 3,000, abin da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa a rahotonta na 2016, kafin ƙasashen ECOWAS su amince a 2020 a sauko zuwa 50. Mai yawan sulfa yana ƙara datti yana kuma gurɓata kayan tace hayaƙi, saboda haka inda kike shan mai yana da tasiri. Idan motar ta zamanin Euro 6 ce, wato daga 2014 zuwa sama, mai yiwuwa tana da ƙaramin tanki mai shuɗin murfi na AdBlue, ruwan da ya ƙunshi yuriya kashi 32.5 cikin 100 da tataccen ruwa. Takan sha lita ɗaya zuwa biyu a kilomita 1,000, kuma idan ya ƙare motar za ta ƙi tashi bayan an kashe ta. Kada a zuba ruwan famfo ko a jiƙa takin zamani a madadinsa, kuma kada ko ɗigo ya shiga tankin dizal.

Na san dalilin da ya sa cirewa ta zama ruwan dare, tana da araha kuma fitilar tana mutuwa. Amma ni ba na goyon bayanta. Abin da matatar take kamawa shi ne mafi cutarwa a cikin hayaƙin, hayaƙin da cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a 2012 cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar kansa, kuma masu shaƙarsa su ne maigadin da ke buɗe miki ƙofa, da yaran da ke talla a danja, da 'ya'yanki idan an tayar da motar a cikin gida. Idan aka gyara ta, ki riƙa ba ta doguwar tafiya sau ɗaya a mako ko biyu. Idan hakan ba zai yiwu ba, gara ku yi musaya da maigidanki idan shi mai tafiye-tafiye ne, ke ki riƙe mai fetur ko mai haɗin fetur da batir, wadda ita ce ta fi dacewa da tafiyar minti goma.

TAMBAYA: Na ga tallar wata jif mai dizal a shafin dillalan Ingila an rubuta 36 mpg. Lita nawa ke nan?
Daga wani ɗalibi, Farin Gada, Jos.

AMSA: Mil 36 ke nan a galan ɗaya, amma galan iri biyu ne. Na Ingila lita 4.55 ne, na Amurka kuma lita 3.79. Idan tallar ta Ingila ce ka raba 282 da adadin, idan ta Amurka ce ka raba 235. Taka ta kama lita 7.8 a kilomita 100, kuma adadin ɗakin gwaji ne kamar yadda na yi wa Alhajin Gwarinpa bayani. Ka tuna kuma sitiyarin motocin Ingila a dama yake, dokar Najeriya kuma ba ta yarda da shigo da su haka ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni direba ne a wani gida a Rayfield. Da sanyin safiya a lokacin hunturu maigida yana sa in tayar da jif ɗinsa mai dizal in bar ta tana aiki minti 20 kafin mu fita, daga baya kuma ya yi ƙorafin mai. Yaya zan yi?
Daga wani direba, Rayfield, Jos.

AMSA: Malam, niyyar maigidanka mai kyau ce, ya saba ne da tsofaffin injina waɗanda sai an lallaɓa su. Sanyin Jos a Disamba da Janairu yana sauka ƙasa da digiri 10 a wasu darare, amma bai kai inda zai daskarar da dizal ko baƙin man zamani ba. Ka murɗa makulli ka jira fitilar hita mai kama da murɗaɗɗiyar waya ta mutu, ka tayar, ka ba ta rabin minti zuwa minti ɗaya baƙin mai ya zagaya, sannan ka fita a hankali ba tare da takura totur ba a kilomitocin farko. Injin dizal ba ya ɗumama sosai a tsaye saboda man da yake ƙonawa a lokacin kaɗan ne, a kan tafiya yake samun zafinsa. Minti 20 a kullum ya kama awa 10 a wata, wato lita 10 ko fiye, ban da kunkunniyar da ke taruwa a cikin injin.

Jiran da yake da amfani shi ne na ƙarshen tafiya. Idan kun hawo daga Abuja ko kun yi gudu mai nisa, turbo yana da zafi ƙwarai, saboda haka ka bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin ka kashe, don baƙin mai ya sanyaya shi. Ka kuma kula da fitilar da ke nuna ruwa ya taru a ƙasan filtar mai, idan ta kama a tsiyaye shi a ranar. Game da maigida kuwa, kada ka yi masa gardama a gaban mutane. Ka ɗauko littafin motar daga aljihun gaba ka nuna masa shafin tayar da injin, ka nemi izininsa a gwada wata guda da sabon tsarin, kana rubuta mita da litoci a duk lokacin da aka sha mai, shi kuma yana sa hannu a kan rasit.